Ba Abin da Ya Tare Ni

Litinin, da hantsi

Yau baƙo ya zo ɗakin gaba. Tun jiya Auta ya ce min, "Umma, gobe kamfani zai turo mana mai awo." Na ce awon me, hatsi kuka koma sayarwa? Ya yi dariya, ya ce awon aiki. Ban gane ba, amma na goge kujerar Babansu na ajiye wa baƙon.

Malamarmu ta ajin manya ta ce in abu ya tsaya wa mutum a rai ya rubuta shi, hannu ma zai ƙara sakewa. Sai da na aurar da 'yata ta fari na fara riƙe biro, don haka a hankali nake tafiya. Bari in rubuta yadda abin yake.

Su huɗu ne. Auta, da Doguwa wadda take jan ragamarsu, da Rediyo wanda bakinsa ba ya hutawa, da Gilas wanda sai ya wuni bai ce uffan ba. Suna haɗa wa wani kamfani mai shagunan magani manhajar waya, don mai tsaron shago ya san abin da ya ƙare da abin da ya rage. A ɗakin da marigayi yake ɗinki suke aiki. Keken yana nan a lungu, na rufe shi da zane.

A bango akwai allo, an raba shi gida uku: Za a yi, Ana yi, An gama. Kowane aiki 'yar takarda ce rawaya mai manne. Da su na ƙara kaifin karatu, in ina shara. Kullum da safe sai su tsaya a gaban allon, ba mai zama, wai don kada magana ta yi tsawo. Kowa ya faɗi abu uku: abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare shi. In abu ya tare mutum, sai ya liƙa jar takarda. Dokarsu ce, in ja ta hau allo, wani zai ajiye nasa aikin, ya jawo kujera ya zauna kusa da kai har a warware.

Wannan jar ita ta dawo min da ɗana. Ba zan rubuta wancan lokacin ba. Abin da zan ce kawai, ƙofarsa ta daɗe a rufe, kuma na san nauyin farantin da aka ajiye a bakin ƙofa aka ɗauke shi yadda yake. Doguwa ajinsu ɗaya a makaranta. Ita ta zo ta ce in ba zai fita wurin aiki ba, aikin zai zo gida. Ranar da na fara jin muryarsa ta bango yana cewa, "Abu ya tare ni, wa zai zo?" ina kicin, sai na ga kaina zaune a ƙasa da ludayi a hannu.

Talata, bayan azahar

Mai Awo yaro ne mai ladabi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya gaishe ni da kyau. Shayinsa ba sukari. Yana zaune a kujerar Babansu da ƙaramar kwamfuta a cinya, su yi magana, shi ya danna.

Da na kai burodi Rediyo ya ce, "Mama, ɓoye tukunyarki, wannan har loma yake ƙirgawa." Ya juya wurin baƙon ya ce, "Yallaɓai, na yi atishawa sau biyu, ta shiga lissafi?" Mai Awo ya yi murmushi, ya ce shi bai zo kama kowa ba. Kamfani yana da ƙananan ƙungiyoyi irin tasu, ana so a san ko wannan tsarin na tsayuwar safe da allo yana haifar da wani abu, ko surutu ne kawai.

"Ai in surutu ne mun ci na ɗaya," in ji Gilas. Duk aka kwashe da dariya, don ba a saba jin sa ba. Har Auta ya yi dariya, kansa a baya, irin ta Babansa.

Alhamis, da yamma

Na tare Doguwa a bakin ƙofa tana ɗaura jaka. Na ce 'yata, in awon bai yi kyau ba fa? Ta ce sai a rushe ƙananan ƙungiyoyin, a kwashe kowa zuwa babban ofis. Ba korar kowa za a yi ba, Mama, kar ki damu.

Babban ofis. Mota biyu kafin ka isa, ɗaki guda mai mutane cike, kowa yana ganin bayan kowa. Ta san abin da nake tunani, ni ma na san ta sani. Ba wadda ta faɗa.

Juma'a, da yamma

Aikinsu zango zango ne, kowane zango mako biyu. Yau ƙarshen zango, sun yi magana da Manaja, shugabansu a kamfani, ta kwamfuta. Ban yi niyyar saurare ba, amma tagar kicin tana kallon tasu, kuma shinkafar da nake tsincewa ba ta da sauri.

Mai Awo ya nuna zanensa. Na ji Manaja yana cewa, "Ku me ya sa kullum abu yake tare ku? Jar takardarku ta fi ta kowa yawa. Kuma ga mutum biyu a kan aiki ɗaya, rabin yini." Doguwa ta ce, "Ranka ya daɗe, kowa abu yana tare shi, mu dai faɗa muke yi." Ya ce, "Ni lamba nake gani."

Mai Awo ya so ya ce wani abu, Manaja ya ce yana da wani taron.

Aka kashe kwamfutar. Sai Rediyo ya ce, "To jama'a, wa ya fi kowa liƙa ja a nan? A fito da shi mu yanka." Wasa yake yi. Na san wasa yake yi. Amma ba wanda ya yi dariya, don kowa ya san wane ne.

Asabar, da safe

Auta ya ci abinci sosai. Ba komai. Ni ce da saka abu a rai.

Litinin, da hantsi

Rediyo ya zo da almakashi. Ya ce tunda takarda ake ƙirgawa, takarda za a samu. Aikin da da yake takarda ɗaya, yau ya zama huɗu. "Buɗe kwamfuta, takarda ɗaya! Gyara zama, takarda ɗaya!" Doguwa ta ce ya daina shirme, amma ba ta hana yankan ba. Mai Awo yana kallo, bai danna komai ba na ɗan lokaci.

Wata takarda ce ba ta yankuwa. An rubuta mata "Tsohon lissafin kaya". Sun ce wani da ya bar kamfanin tun da daɗewa ne ya rubuta wannan sashen, ya cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. A da, da mutum biyu za su zauna a kai. Doguwa ta ce wa zai ɗauka. Auta ya ce shi. Ta ce kai kaɗai? Ya ce ai kowa da nasa.

Laraba, da safe

Na tsaya da tire a bakin ƙofa lokacin tsayuwarsu.

Gilas: ba abin da ya tare ni.
Rediyo: ni wa ya isa ya tare ni.
Doguwa: babu.
Auta ya ce jiya yana kan tsohon lissafi, yau ma yana kai. Ba abin da ya tare shi.

Yana faɗa yana murza babban yatsansa a tafin hannu. Tun yana yaro in ya fasa kofi haka yake yi.

Ba wanda ya hana jar takarda. Ina so in rubuta wannan da kyau don kada in zalunci kowa. Ba wanda ya ce kar a liƙa. Kawai dai an daina.

Alhamis, bayan la'asar

Ina shara na ga ƙullin jajayen takardun a bayan keken ɗinki, ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Na kaɗe ƙurar na mayar da su kan tebur, inda kowa zai gani.

Juma'a, da safe

An mayar da su bayan keke.

Lahadi, da rana

Yayarsa ta kira. Na ce duk muna lafiya. Ta ce, "Umma, muryarki fa?" Na ce mura ce. Ta ce Auta yana shan maganin nan nasa? Na ce yana sha. Ina gani yana sha, ina tsaye. Ta ce to me kuma? Na ce ba komai.

Da na ajiye wayar sai na ji kunyar kaina. Haka aka rene mu. A ce ina kwana, ka ce lafiya lau, ko da a kan ƙaya ka kwana. Ni na koya masa hakan tun yana rarrafe. Sai da yaran nan suka zo da allonsu ya koyi wata amsar.

Ya rufe labulen ɗakinsa da rana tsaka. Ya ce haske ke damun idonsa.

Talata, da yamma

Takardar tsohon lissafi tana nan a Ana yi. Mannenta ya mutu, gefenta ya nannaɗe. Sau biyu ina tsintar ta a ƙasa ina mayarwa. Sauran takardun sai wucewa suke ta gefenta kamar motoci.

Na ce wa Doguwa, 'yata, ki zauna kusa da Auta mana, ko na awa ɗaya. Ta ce, "Mama, na tambaye shi, ya ce ya kusa. In na zauna bai kira ni ba, zai ga kamar na raina shi. Kuma in na bar nawa, layinmu a zanen Mai Awo ya sauka." Idonta ya yi ja. Ita ma ba ta barci, na gani. Ta ce saura kaɗan a gama awon, in mun haye, komai zai koma yadda yake.

Na ce Allah ya sa. Me zan ce?

Laraba, bayan azahar

Sun fita cin abinci, ban da Auta da ya ce ba ya jin yunwa ya shige ɗaki. Mai Awo ya rage. Na kai masa shayi na zauna, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce ɗana, me awonka ya nuna? Ya juyo min da kwamfutar. Layi ne yana hawa kamar tudu. Ya ce wannan takardun da ake gamawa ne, sun ninka. Ya nuna wani layin, ja, ya gangaro har ƙasa ya kwanta. Na ce to ai alheri ne. Ya daɗe yana juya cokali a kofin da ba sukari.

Ya ce, "Mama, a makon da na zo, aikin da suke fitarwa ba ya dawowa gyara. Na rubuta hakan. Na rubuta cewa jar takarda ba ciwo ba ce, alamar suna magana da juna ce. Amma yana shafi na bakwai. Su a sama shafin farko suke karantawa, mai zane." Ya ce ya roƙi a cire layin ja daga shafin farko, an ce a bari sai an gama, kada awon ya bambanta da na sauran.

Na ce to ka faɗa wa yaran. Ya ce ya faɗa. Rediyo ya ce masa, "Yallaɓai, kai za ka tafi, mu za mu zauna da Manaja."

Ban ji haushinsa ba. Na so in ji, da na samu sauƙi. Shi ma ɗan wata ne.

Alhamis, da safe

Auta bai yi aski ba. Rigar jiya. Ba abin da ya tare shi.

Juma'a, da hantsi

Alhamdu lillahi! Ina shara na ga takardar tsohon lissafi ta koma An gama. Na karanta sau biyu don in tabbatar, harafi harafi. An sa mata sabon manne.

Na same shi a tsakar gida na ce sannu da ƙoƙari, Autana, Allah ya yi albarka. Ya ce amin. Bai kalle ni ba, amma gajiya ce.

Da yamma Manaja ya yaba musu. Ya ce ƙungiyarsu ce ta fi kowa ci gaba, babu ja ko ɗaya, ga abin da ake nema. Ya ce a tura wa shaguna sabon aikin ranar Litinin. Rediyo ya yi rawa da almakashinsa. Na dafa musu abinci da nama.

Auta ya ce cikinsa ne.

Litinin, da rana

Wayoyi tun da hantsi. Ta Doguwa, ta Gilas, har ta Mai Awo. Ban gane duka ba. Shaguna sun tsaya. Wayar mai shago tana nuna akwai magani, kanta babu, ko kanta akwai, wayar ta hana a sayar. Mutane a layi. Na ji Manaja yana ɗaga murya, na ji kalmar tsohon lissafi sau da yawa.

Na ji Doguwa, a hankali, ba faɗa ba: "Ka gwada shi kafin ka matsar da takardar?" Ta sake cewa, "Auta, ka gwada?" Shiru. Sai Rediyo, kuma wallahi ba wasa a muryarsa: "Ɗan'uwa, da ka faɗa mana. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Sai ƙarar kujera. Auta ya wuce ta gabana a tsakar gida, kusa da ni har na ji iskarsa. Ban riƙe shi ba. Hannuna da kumfa.

Na ji sakata.

Talata, da safe

Bai fito ba.

Laraba, da yamma

Sun gyara. Su uku suka jawo kujeru suka zauna a gaban kwamfuta ɗaya, har da Mai Awo ya ajiye tasa ya matso. Gilas ya ce min ba wani babban abu ba ne, da ido biyu ne a kai tun farko da an gani a yini ɗaya. Ya faɗa ne don ya kwantar min da hankali.

Farantin rana na ɗauke shi yadda na ajiye.

Alhamis, da safe

Bai fito ba. Na ji motsin ruwa, ya sha.

Juma'a, bayan la'asar

An yanke. Duk ƙananan ƙungiyoyin za su koma babban ofis. Manaja ya ce tsarin yana sa sauri amma ba ya tsare inganci, awo ya nuna. Mai Awo ya ce ba abin da awonsa ya nuna ke nan ba, ya faɗa har sau biyu, na ji da kunnena. An gode masa.

Da zai tafi ya durƙusa ya ce, "Mama, ki yafe ni." Na ce ba ka yi min komai ba. Ya tsaya yana kallon ƙofar Auta daga nesa, takalminsa a hannu.

Asabar, da rana

Sun zo kwasar kaya. Rediyo ya naɗe wayoyin wuta bai ce komai ba, har na ce yau an ɗauke wa rediyon wuta ne? Ya yi ƙoƙarin dariya, sai ya juya baya.

Ya je bakin ƙofar ya ce, "Kai sarkin barci, fito ka ɗauki tebur, ni bayana ba na haya ba ne." Ya jira. Ya ce, "Ni na fara yankan nan fa. Ni ne." Ya jira. Doguwa ta ja shi.

Ta ce ta roƙa an bar masa gurbinsa, duk ranar da ya shirya. Ta ce za ta riƙa zuwa. Na san za ta zo, da farko.

Allon ya bar fari a bango, inda rana ba ta taɓa fentin ba. Ɗakin ya koma na Babansu, sai keke da kujera. Sun manta ƙullin jajayen. Na ƙulle a haɓar zanena.

Lahadi, da safe

Yayarsa ta kira. Ta ce kuna lafiya? Na buɗe baki in ce lau, sai na ce a'a. Ta ce tana zuwa jibi, kuma za ta kira likitansa.

Litinin, da safe

Lokacin tsayuwarsu ya yi, gidan shiru, ƙafafuna suka kai ni da kansu. Na tsaya a bakin ƙofarsa, ban zauna ba, tunda doka ce.

Na ce, "Jiya na wanke labulen ɗakin gaba, na yi waya da yayarka. Yau zan je kasuwa in dawo, in yi aikin da Malama ta ba mu. Abin da ya tare ni, ƙofar nan ce."

Na ji kunya, tsohuwa tana magana da katako. Na tura jajayen ta ƙarƙashin ƙofa, duka ƙullin, na tafi.

Talata, da safe

Na sake tsayawa. Na faɗi ukun. Shiru.

Ya ci rabin burodi.

Laraba, da safe

Yayarsa ta iso jiya. Ta gan ni tsaye ina faɗa, ta rufe baki ta koma ɗaki. Ba ta hana ni ba.

Shiru.

Alhamis, da hantsi

Na faɗi ukun na koma kicin na ɗora ruwa. Da na fito ɗaukar faranti sai na ga jar takarda a ƙasan ƙofa, rabinta a waje rabinta a ciki. Ɗaya tak. Na ɗauka na juya gaba da baya, ina neman abin karantawa. Bai rubuta komai ba.

Sakatar tana nan a rufe. Ban ƙwanƙwasa ba.

Na kashe risho. Na ce wa yayarsa abincin rana ya rage nata. Na je ɗakin gaba na jawo kujerar Babansu, da nauyinta, har bakin ƙofar. A kanta nake wannan rubutun. Ta ƙasan ƙofa ina ganin inuwarsa, ya jingina daga ciki, daidai inda nake.

Ban san aikin ba, Autana. Amma na ajiye nawa.